Yaya Sun-im, Wadda Ta Ƙi Yin Shiru

Da safiyar Talata, goma sha takwas ga watan Maris na shekarar 2025, Allah ya yi wa Injiniya Tak Sun-im rasuwa a wani asibiti a nan garinmu na Yeosu, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun farkon sanyi. Ta rasu tana da shekara sittin da tara. Ta bar mijinta, Malam Ban Yeong-dal, da 'yarsu Hae-won, da jikoki biyu.

Ina tsaye a gindin tanki ina duba aikin masu walda Hae-won ta kira ni. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kawu, Umma ta tafi." Na kai hannu zan cire hular kwanona, sai na tuna inda nake tsaye, na kuma tuna wace ce ta rasu. Na mayar da hannuna. Yaya, da kin ga kaina a buɗe a ƙarƙashin ƙarafa saboda ke, na san da ba ki yafe mini ba.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da kamfanin da ya kore ki ya buga a jaridar gari, yana kiranki "tsohuwar ma'aikaciyarmu, abin alfaharinmu". Yaran da suka shigo aiki a 'yan shekarun nan za su karanta su ɗauka haka abin yake. Ni kuwa ina nan lokacin da aka yi komai, kuma da sauran numfashina.

Ba a jarida suka tsaya ba. A ɗakin karɓar gaisuwa na asibiti, cikin jerin fararen furannin da suka cika baranda, nasu ne ya fi kowanne tsawo, da sunan shugaban kamfanin a jikin ƙyalle. Malam Yeong-dal, wanda ya yi rayuwarsa yana koyar da yaran firamare, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tashi daga gaban hotonki ya rungumi furannin nan, ya sauka da su matakala shi kaɗai, ya jingine su a jikin katanga inda ake ajiye motoci. Ma'aikacin da ya kawo su ya biyo shi yana cewa, "Malam, daga shugaban kamfani ne fa."

"Na gani," in ji shi. "Karatu na koyar har na tsufa. Ka ce masa an gode, amma ya makara. Kai kuma hau sama ka ci abinci, ba kai ka kore ta ba."

Mutumin ya hau, ya sunkuya a gaban hotonki, ya sha miyarsa. Ke ma da haka za ki yi masa.

Bari in faɗi yadda abin ya faro, don waɗanda ba su sani ba.

Wajen shekara talatin ke nan. Ke ce mai duba lafiyar bututu a masana'antarku, a zamanin da in aka ga mace da hular kwano sai a tambaye ta abincin wa ta kawo. Bayan wani babban garambawul, sai gwiwar wani bututu mai ɗauke da iskar gas mai zafi ta tsage, wuta ta yi tsiri ta lashe duk abin da ke gabanta. Allah ya sa lokacin cin abincin rana ne, babu kowa a wurin. Kika sa aka gwada ƙarfen. Tambarin da ke jikinsa ya ce ƙarfe ne mai jure zafi, gwaji kuma ya nuna ƙarfen gama-gari ne, irin wanda zafi ke ci ta ciki ba a gani daga waje. Dillalin da ya kawo muku shi kuwa, rabin masana'antun unguwar nan a wurinsa suke sayen kaya.

Kika gaya wa shugabanninki cewa dole a sanar da maƙwabta. Suka ce a canza naku a ɓoye, a sasanta da dillali, magana ta mutu a nan. In ta fita, hukuma za ta rufe masana'anta, masu sayen kaya su gudu. Kika koma kika sake faɗa, suka ce ki kula da aikinki. Sai kika naɗe guntun ƙarfen da ya tsage a cikin ƙyallen da ake ƙunshe kyauta, kika fita da shi.

A lokacin ni mataimaki ne a sashen kula da haɗari na masana'antar da ke gasa da taku. Mai gadi ya kira ni ya ce ga wata mata a ƙofa da ƙunshi. Na fito ina zaton mai talla ce, sai na gan ki da rigar abokan gabarmu.

"Kai ne mai kula da bututu a nan?"

"Mataimakinsa ne."

"To Mataimaki, riƙe."

Nauyin ƙunshin ya kusa kai ni ƙasa. Kika kwance, kika nuna mini tambarin, kika juya mini cikin ƙarfen na ga yadda ya rube. Kika ce mu bi bututunmu ɗaya bayan ɗaya, duk inda muka ga wannan tambari mu gwada.

Na ce, "Manajanku ya san kin zo?"

"Zai sani."

"To ke me za ki samu a ciki?"

"Gidana yana bayan katangarku," kika ce. "In kun tashi sama, tagogina ne za su fashe. Yi sauri ka nuna wa ubangidanka ka dawo mini da abina, da sauran ƙofofi a gabana."

Ubangidana dattijo ne mai yawan zargi. Da farko ya ce makirci ne, so ake mu tsayar da aiki su kwashe mana kasuwa. Amma ya daɗe yana jujjuya ƙarfen a hannunsa, daga ƙarshe ya ce a gwada. Muka sami irinsa a wurare da dama. Ɗaya yana daf da ɗakin da nake zama ni da abokan aikina, kuma da aka yanka shi, abin da ya rage na kaurinsa bai fi gwangwanin kifi ba. Mutanen ɗakin nan duk mun aurar da 'ya'yanmu. Wasu sun yi ritaya suna kamun kifi a tsibirai. Ni ga ni ina rubutu.

Kin bi ƙofofi da yawa a wannan bazara. Wasu suka saurare ki, wasu suka karɓi maganar don kunya. Masana'antar da ke bakin gada ita ce ta ƙi buɗe miki. Manajanta bai tsaya nan ba, sai da ya buga wa naku waya ya ce su zo su kama mahaukaciyarsu. Ta haka aka gane abin da kike yi, aka dakatar da ke. Kin sake komawa bakin gada kina neman ganin babban injiniyansu, aka ce ba ya nan. Kin kai magana ofishin hukuma, aka ce za a duba.

Da kaka, wata safiya, muka ji ƙarar da har yau in mota ta fasa taya sai gabana ya faɗi. Mutum biyar suka mutu a bakin gada, dukansu 'yan kwangila, masu ɗaura ƙarafan da ake takawa a hau sama. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin labarin wani tambari.

Na raka ki gaisuwa. Mutane sun ba ki shawarar kada ki je, kika ce in ba ki je ba wa zai je. Matar ɗaya daga cikin mamatan, Eun Bok-hui, tana jin sunanki ta miƙe ta shaƙe wuyan rigarki. Ba ta yi ihu ba, a hankali ta yi magana, shi ya sa kowa ya ji.

"An ce kin sani. An ce kin yi ta yawo kina gaya wa manajoji. Manaja ne yake hawa kan bututu? Mijina kullum a ƙofar nan yake sauka daga bas. Me ya hana ki gaya masa?"

Ba ki kare kanki ba, ba ki kuma cire hannunta ba, sai da ta gaji ta sake ki. A hanyar dawowa muka iso mararraba. A nan kika ce, "Gaskiya ta faɗa. Ƙofar da ba ita ba na yi ta bugawa." Wannan magana ita ce ta juya sauran rayuwarki.

Aka kore ki. Kamfanin ya maka ki a kotu kan satar kayansa da tona asirinsa. Mun cika bencin baya, mu da muka san abin da ƙarfen nan ya yi mana, duk da an gargaɗe mu a wuraren aikinmu. Lauyansu ya tambaye ki ko kin amince kin ɗauki abin da ba naki ba. Kika ce kin ɗauka. Ya tambaye ki ko kin yi nadama.

"Na yi," kika ce. "Na yi nadamar ban yanka shi gunduwa-gunduwa na raba wa kowane lebura a tashar bas ba. Yadda kuke haɗa robarku sirrinku ne, ku riƙe abinku, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Amma yadda mutum yake mutuwa a gindin bututu ba sirrin kowa ba ne."

Alƙali ya same ki da laifi. Bai tura ki gidan yari ba, amma hukuncin ya ishe su, domin daga ranar babu masana'antar da ta sake buɗe miki ƙofar aiki. Mutanen da kuka yi makaranta tare suka riƙa tsallaka titi in sun hango ki. An ce ke ce kika ɓata sunan garin. An ce wani kamfanin waje ne ya saye ki. Hae-won tana ƙarama ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata uwarta ɓarauniya ce. Kika zaunar da ita kika ce, "Eh, na saci ƙarfe. Gobe ki ce musu haka, ki kuma tambaye su ko babansu ya dawo gida jiya."

Bayan kamar shekara biyu Bok-hui ta buɗe ɗan gidan abinci kusa da tashar bas ɗin ma'aikata. Kika fara zuwa duk Asabar da rana. Takan dire miki kwanon miya ba ta kalle ki ba, ki ci, ki tashi. Na tambaye ki dalilin wannan wahalar da kai, kika ce miyarta ta fi ta kowa, kuma in mutum yana da haƙƙin ya tsane ka, bai kamata ka sa shi ya yi ta nemanka ba.

Wata Asabar kika ji wasu masu wanke tanki biyu suna hira. Abokinsu ya shiga tankin da aka ce babu komai a ciki, ya yanke jiki ya faɗi, da ƙyar aka jawo shi. Suna ba da labarin kamar abin dariya. Kika ɗauki kwanonki kika koma teburinsu, kika yi ta tambaya: me aka hura a tankin kafin ya shiga, wa ya gwada iskar, da me ya gwada. Kika bayyana musu cewa akwai iskar da ba ta wari, ba ta da launi, tana korar wadda muke shaƙa, numfashi biyu ta isa ta kayar da ƙato. Mutanen teburin kusa suka juyo da kujerunsu. Asabar ta gaba suka zo da abokansu. Da abin ya yi yawa sai Bok-hui ta tsaya a kanki da tire a hannu ta ce, "In wa'azinki za ki yi, ja teburin can ciki. Kina tare mini hanya." Kalmar farko ke nan da ta haɗa ku tun ranar gaisuwa. Ranar da kika rasu, ita ta riga kowa isa asibiti.

Haka Teburin Asabar ya samu. Babu shugaba, babu rajista. Duk wanda ya tsallake rijiya da baya a wurin aikinsa, ko ya ga an tsallake, sai ya zo ya faɗi yadda aka yi. Ba a tambayar sunan wanda ya yi kuskure. Ba a dariya sai mai labarin ya fara. Wanda duk ya ji, wajibi ne ya kai maganar wurin aikinsa ranar Litinin. 'Yan kwangila kike zaunarwa a kan gaba, mu injiniyoyi mu zuba musu ruwa, domin su ne suke zagaya masana'antu duka, su suka san inda aka yi aikin ha'inci a bara da inda za a maimaita shi bana.

Kamfanoni ba su so ba. Wasu suka ce duk wanda aka gani a wurin ya nemi wani aikin. Mutane suka koma shiga ta ƙofar kicin, suna ratsa tukwane. Aka turo wani mutum ya riƙa zama a mota a tsallaken titi yana lura da masu shiga. Ran nan ana ruwa kika ɗauki lema kika je kika ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Ƙanena, daga nan ba za ka ji komai ba. Shigo ka ji da kunnenka, ka kai musu cikakken rahoto. Ai kai ma a cikin katangar nan kake wuni."

Ya shigo yana sunkuyar da kai. Ban san abin da ya kai musu ba. Na dai san shekarun baya-bayan nan shi ne yake jera kujeru kafin mu iso.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani magidanci mai furfura ya zo ya zauna a ƙarshen tebur. Ya buɗe bawul ɗin da ba shi ba, wato abin da ake murɗawa a buɗe bututu, ruwan guba ya feso, abokin aikinsa ya rasa ido ɗaya. An kore shi, an kuma manna sanarwa cewa sakacinsa ne. Ya ce ya zo ne ya faɗa da bakinsa kafin ya bar garin, kuma yadda ya faɗi "barin garin" bai yi wa kowa daɗi ba. Ba ki ce masa ya yi haƙuri ba. Kika tura masa shinkafa kika ce sai ya ci za ki saurare shi. Da ya ci, kika tambaye shi, "Bawul biyun nan, launinsu ɗaya?" Ya ce ɗaya. "Kusa da juna suke?" Ya ce hannu ɗaya yana iya taɓa su duka. Kika juya kika dubi sauranmu kika ce, "Wa yake da irinsu a wurinsa?" Hannuwa suka tashi ko'ina, har da nawa.

"Ka gani," kika ce masa. "Ba kai kaɗai aka haƙa wa ramin ba, kai ne dai ka fara faɗawa. Yanzu aikinka ne ka bi waɗannan mutanen ka nuna musu nasu. Ba inda za ka."

Bai tafi ba. Kafin shekara ta zagayo an bambanta fentin irin waɗannan bawul a yawancin masana'antun unguwar, wasu an sa musu kwaɗo. Babu kamfanin da ya taɓa faɗin daga ina shawarar ta fito.

Da baƙin ma'aikata suka fara yawa, 'yan Nepal da Vietnam da sauransu, kika ce haɗari ba ya jiran mutum ya iya yare. Kika nemo masu fassara a cikinsu, inda babu kuma ki tashi ki kwatanta da jiki. Na gan ki, tsohuwa mai ciwon gwiwa, kin kwanta a ƙasan gidan abinci kina nuna yadda iska ke kayar da mutum, da yadda na biyu yake bin sa ya cece shi shi ma ya faɗi. Suka yi dariya har da hawaye, amma sun riƙe.

Ba zan mayar da ke waliyyiya ba, don za ki ji haushi. Bakinki yana da kaifi. Kin sa manyan mutane kuka a gaban yaransu. Ba ki iya ba da haƙuri ba, sai dai washegari mutum ya ga an aiko masa da kwanon kimci, kabejin nan mai tsami da yaji, ba saƙo. In kika fara waƙa a wurin biki mutane sukan tuna suna da uzuri a waje. Ni kuma, na zama shugaban sashe, na yi furfura, na yi jikoki, amma ban taɓa tashi daga "Mataimaki" a bakinki ba. Na taɓa yin ƙorafi, kika ce, "Ranar da ka daina zama mataimaki ka fara jin kai wani ne, ranar za ka kashe mutum."

Zamani ya juya. Dokoki suka ƙara tsauri, kamfanonin da suka hana mutanensu zuwa suka fara turo su a fakaice. Wasu sun gyara da gaske, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Amma ɗabi'ar rufa-rufa ba ta mutu ba, kaya kawai ta canza. A watan Janairu, kina kwance, wakilan masu masana'antu suka zo duba ki da kwandon lemo. Ina wurin, Bok-hui ma tana wurin. Suka ce suna so su karrama ki. Za su gina zaure mai kyau a sa masa sunanki, Teburin Asabar ya koma can. Sharaɗi kaɗan ne: ma'aikatan dindindin ne za su shiga, kowa zai sa hannu cewa abin da ya ji ba zai fita waje ba, kuma kowane labari sai lauyan kamfani ya gani kafin a faɗa.

Kin rame har ba a son kallonki, muryarki ta dushe. Kika sa aka ɗaga miki gado.

"Wato sunana kuke so ku rataya a ƙofar da za ku kulle," kika ce. "Mutum biyar na bakin gada, da suna raye, za ku bar su su shiga?"

Suka dubi juna, kika ci gaba.

"To ku gina zaurenku ku sa masa sunan lauyanku. Lemon kuma ku bar shi, Bok-hui tana so."

Da suka fita kika yi ta tari. Da ya lafa kika kamo hannuna kika ce, "Mataimaki, za su dawo bayan na tafi, kuma za su zo da kujeru masu laushi. Ka kula da mutanenmu, gwiwoyinsu sun tsufa."

Sun dawo, Yaya. Tun ba a kai ki makwanci ba wani ya ja ni gefe ya ce yanzu da babu mai taurin kai, sai mu zauna mu fahimci juna. Ga amsarmu, a rubuce, don kada a ce ba a ji ba. Ba za mu shiga zauren da mai wanke tanki ba zai shiga ba. Ba za mu sa hannu kan yin shiru ba. Duk abin da ya kusa kashe mutum a masana'anta ɗaya, za mu kai shi kunnen na kusa da na nesa, da sunan na'urar da yadda ta yi, ko mai ita ya so ko ya ƙi. Wanda yake ganin za a kore shi in ya faɗa, ya zo ya raɗa mana, mu da muka kusa ritaya mu faɗa da bakinmu. In kotu ce, mun san hanya, mun taɓa zama a bencinta. Ƙofarmu kuma a buɗe take ga manajoji da daraktoci. Su zo su zauna inda kowa yake zama, su faɗi nasu kuskuren, za a zuba musu miya kamar kowa.

Asabar ɗin da ta biyo bayan jana'izarki mun taru. Gidan ya cika har titi. Aka zauna, aka rasa mai fara magana, kowa ya zuba wa kwanonsa ido. Sai Bok-hui ta fito daga kicin ta buga ludayi a kan tebur.

"Ita ce ta mutu ko ku? Miyata tana hucewa. Wa ya kusa kashe wani a makon nan?"

Aka yi dariya, wasu suna share ido. Wani mai gyaran lantarki ya miƙe ya ce na'urar da ke shinshinar gas a wurinsu ta yi kwanaki a mace alhali fitilarta tana nuna lafiya lau. Mutum uku suka ce irinta ce a wurinsu. Ranar Litinin aka duba, aka sami ɗaya a cikinsu ita ma a mace.

Ya Allah, ga baiwarka Sun-im ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka yafe mata kaifin harshenta, ka san a kan wa ta yi amfani da shi. Ka ba ta hutun da ta hana kanta. Ka jiƙan mutum biyar na bakin gada da duk waɗanda suka fita aiki ba su dawo ba. Ka tsare waɗanda za su shiga tanki gobe da safe. Mu kuma da muka rage, kada ka bar tsoro ko kujera mai laushi su rufe mana baki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ban Yeong-dal, wanda ya tsaya tare da ita lokacin da tsayuwar ke da tsada. Ga Hae-won da mijinta da yaransu. Ga Yaya Eun Bok-hui, wadda ta yi rashin abokiyar faɗa. Da dukan mutanen Teburin Asabar. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ina kuma yi wa wasu mutane ta'aziyya waɗanda ba za su san da su nake ba. Suna nan da yawa a garin nan. Yau da yamma za su sauka daga bas, su cire takalma a bakin ƙofa, yara su rugo su karɓi jakarsu. Ba su taɓa jin sunan Tak Sun-im ba. Su ma an yi musu rasuwa.

Do Gwang-su
Yeosu